Ɗakin Tsakiya na Gambo

Ku matso kusa, wannan tatsuniyar ba ta dariya ba ce. Idan na gama, ku za ku yanke hukunci.

A wani asibiti da ake karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, an yi wani mai ba marasa lafiya shawara, sunansa Gambo. Allah ya halicce shi mata-maza, kuma tun yana ƙarami danginsa suka ja baya da shi. Ɗakinsa yana tsakanin bencin maza da na mata. Maza ba sa jin nauyinsa, mata ba sa rufe fuska a gabansa. Duk magidancin da gwaji ya nuna yana da cutar, ya kasa faɗa wa matarsa, a ɗakin Gambo ake zaunar da su biyun.

Sai aka kawo sabon shugaba. Ya ce daga yau mace ta ga mace, namiji ya ga namiji. Ya kira Gambo a gaban ma'aikata ya ce, "To kai, a wane layi zan sa ka?"

Gambo ya ce, "Ranka ya daɗe, inda nake ɗin nan ya ishe ni."

Aka yi dariya. Aka mai da shi sito yana jera kwalaye, abokan aiki suka daina cin abinci da shi, daga baya aka sallame shi. Ya koma gida ya kulle ƙofa, ya daina ci.

Kande mai tuwo a bakin asibitin ita ta fara lura. Ta daɗe tana ware masa tsoka mafi laushi ba tare da ta taɓa faɗin dalili ba. Ta bar tukunyarta, ta nemo gidansa, ta zauna a ƙofa cikin rana. Ta ce, "Malam Gambo, ni ma ba zan ci ba sai ka buɗe." Da ya buɗe, ta sa hannu a kwano ɗaya da shi, maƙwabta suna kallo. Ba don ita ba, da gawarsa za a fitar.

Sista Larai ita aka ba ɗakin tsakiya da ƙarin girma. Ta shiga, ta ga ma'aurata suna leƙowa suna juyawa, wasu ma sun daina zuwa karɓar magani. Ta ajiye makulli a teburin shugaba, ta kai ƙara gaban kwamitin asibiti. Kafin a zauna, an tura ta wani ƙauye mai nisa, ta bar 'ya'yanta a hannun kakarsu. Ba don ita ba, da babu wanda zai saurari maganar.

Ranar zaman, kwamiti ya nemi mai shaida, kowa ya sunkuyar da kai, don shaida tonon asirin kai ce. Sai Isiyaku mahauci ya miƙe. Ya ce, "Ina shan maganin nan, ko ƙanena bai sani ba. Ranar da aka faɗa mini, rijiya na nufa. Wannan bawan Allah ya riƙe rigata, kuma shi ya zaunar da ni da uwar 'ya'yana har ta yafe mini." Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa. Tun daga ranar naman Isiyaku yake kwantai a kan tebur.

Aka mai da Gambo ɗakinsa.

Da babbar salla ta zo, ya yi layya. Kun san cinya iyaye da manyan dangi ake aika wa, shi kuwa ba shi da wasu dangi sai waɗannan ukun. Ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon naman. Rago cinya biyu gare shi.

To, Kande, Larai da Isiyaku, wa za a bari ba cinya?