Kurege da Kindirmon Gwaggo Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Ban ji bakin Hansai ba. Ke, haɗiye rogon nan tukuna ki amsa. Yauwa, to ga ta ta iso.

Kurege dai kun san shi, ɗan ƙaramin jiki, ƙaton ciki. To a wancan zamani direba ne. Yana da wata tsohuwar jif ta shiga daji, wadda tun da aka ƙera ta ba ta taɓa taka kwalta ba. Injinta tari yake yi kamar tsoho mai shan taba. Sifirin ɗinta kuwa, wato ƙarafan nan da ke shanye gargadar hanya, sun daɗe da mutuwa. Amma Kurege na son motar nan kamar ransa. Da ita yake ci, a inuwarta yake barcin rana, ko matarsa ba ta isa ta shanya wanki a kanta ba.

Ran nan sai Gwaggo Ɓauna ta aika aka kira shi.

Ta ce, "Kurege, 'yata ta haihu a Tudun Gawo, jibi suna. Ga kindirmo gora bakwai na kwantar. Yadda na ba ka shi a daskare, haka nake so ya isa a daskare. Ni da ƙafa zan tafi, motarka ba ta ɗaukata."

Ya ce, "An gama, Gwaggo."

Ta ce, "Ni ban gama ba. In ya isa lafiya, akushinka daban. In kuwa ya tsinke, ba zan dake ka ba, ba zan zage ka ba. Zama kawai zan yi a kan motarka."

Kurege ya dubi mazaunan Gwaggo, ya dubi motarsa, ya ce Allah ya kiyaye.

Yana hanyar gida sai ya ji maroƙi na shela: Gada ma ta haihu a Rafin Kanya, suna jibi, an soya gyaɗa buhu uku. Suna biyu rana ɗaya, wannan gabas, wancan yamma! Nan take yawun Kurege ya tsinke. Bai zame ko'ina ba sai garejin Baba Kunkuru, bakaniken da duk dajin ke kai wa mota.

Ya ce, "Baba, inji nake so sabo, sifirin ma sabo, kafin jibi."

Kunkuru ya leƙo da kai daga ƙarƙashin wata mota a hankali, ya ce, "Ɗan nan, kai ma ka san hannuna. Daga yau zuwa jibi aiki ɗaya zan iya. Me za ka ɗauka?"

"Kindirmo."

"Wace hanya za ka bi?"

"Ta Tudun Gawo."

"Mai gargadar nan? To ai magana ta ƙare, sifirin za a sa. Ka tafi a hankali, kayanka su isa kamar a kan katifa."

Kurege ya ce, "In na sa sifirin, suna nawa zan samu?"

"Ɗaya."

"In na sa inji fa?"

Kunkuru ya ce, "Biyu, in ka isa da haƙoranka."

Kurege ya ce, "Haƙora ai nawa ne, Baba. Sa inji!"

Kunkuru ya jawo sifana. Shi dai ya faɗi tasa.

Ran suna da sassafe aka loda goruna bakwai, aka toshe bakinsu, aka ɗaure su tamau a bayan mota. Kurege ya murɗa makulli. Wayyo daɗi! Inji ya yi ruri, kaji suka watse, Kurege ya ji kansa ya yi girma. Ya karkata hula, ya nufi Rafin Kanya, hanyar yashi ce lumui, kafin ka ce kwabo ya isa. Ya yi barka, ya zauna wa gyaɗa. Ya ci soyayya, ya ci dafaffiya, ya sha kunun gyaɗa ƙwarya biyu, ya cika kumatunsa da guzuri. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan ya tuna da Gwaggo.

Ya ce, "Ba komai, ina da inji."

Ya hau hanyar Tudun Gawo, ya take totur har ƙasa. Jama'a, zo ku ga ikon Allah! Ramin farko, gau! Mota ta yi sama, Kurege ya yi sama, goruna suka yi sama. Mota ta dawo, Kurege ya dawo, goruna suka dawo. Rami na biyu, gau! Mota ta yi sama, Kurege ya yi sama, goruna suka yi sama. Gyaɗar da ke kumatunsa ta fita ta taga. Ya buɗe baki zai yi salati, haƙora suka datse masa harshe. Kuna tsammanin ya sassauta? Ina! Kurege ne fa. Ƙara wuta ya yi, wai gara ya gama da wahalar da wuri.

Da ya hango rufin gidajen Tudun Gawo sai ya tsaya gindin wata tsamiya, ya fito yana tafiya a tattale, ya buɗe gora ɗaya. Kindirmo ya zama ruwa tsululu. Ya buɗe na biyu, haka. Har na bakwai, haka. Kurege ya ɗora hannu a ka, ya rungume ƙofar mota ya fashe da kuka, yana cewa, "Shi ke nan, yau za a mayar min da ke faranti!"

Yana cikin kuka sai ya ga wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ɗorawa suna yawo a saman nonon. Kun san makwaɗaici, ko a tsakiyar kuka sai ya ɗanɗana. Ya lakata, ya kai baki. Man shanu! Jijjigar hanya ta kaɗe nonon tas, man ya fito. Kurege ya share hawaye, ya tsame man, ya mulmula shi curi-curi, ya cika ƙwarya guda, ya rufe da faifai.

Ya shiga gari yana hon. Gwaggo Ɓauna ta taso, ta jijjiga gora ɗaya, ta ji kacal-kacal. Ta juya wa mota baya, ta gyara zane, ta fara sauka za ta zauna a kai.

Kurege ya ce, "Gwaggo, dakata! Me za a zuba wa miyar suna?"

Gwaggo ta tsaya a rabin hanya, ta ce, "Man shanu mana. Ga mata can tun asuba suna kaɗa gora ɗaya, hannuwansu sun sage, ko ludayi bai cika ba."

Ya ce, "Abin da na hango ke nan. Baba Kunkuru har roƙona ya yi in sa sifirin, na ce a'a, jikan Gwaggo ba za a ci sunansa da miya marar mai ba. Dubi yadda na ƙarar da jikina saboda ke." Ya ɗaga faifai.

Mata suka jefar da gorar da suke kaɗawa, suka rangaɗa guɗa. Gwaggo ta lakaci man, ta lumshe ido, ta miƙe tsaye a hankali. Aka dama fura da nonon, aka kwarara wa miyar kuka mai har yana yawo. Kurege ya samu akushinsa daban, ya cinye tas, amma a tsaye ya ci.

Da za a watse Gwaggo ta dafa shi, ta ce, "Ɗan albarka! Daga yau duk ran kasuwa kai ne mai kaɗa mana nono. Hanyar nan za ka riƙa bi, da gudun nan."

Washegari Kurege ya lallaɓa gareji, yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Baba, don girman Allah sa min sifirin ɗin nan."

Kunkuru ya ce, "Gwaggo ta riga ka zuwa. Ta ce duk wanda ya taɓa ƙasan motar nan, a kan garejinsa za ta zauna. Sai dai in ƙara maka ƙarfin inji."

To haka Kurege ya ci gaba, motarsa na nan lafiya lau, ya yi ƙiba, gashinsa har sheƙi yake yi don mai. Zama ne kawai ya gagare shi. Shi ya sa har gobe in kun hango kurege a gona, za ku gan shi tsaye ƙiƙam kan ƙafa biyu yana waige-waige. Ba gadi yake yi ba, wurin zaman ne ke ciwo.

Ƙurunƙus kan tsohuwar taya! Duk wanda zai ci suna biyu rana ɗaya, ya tafi da matashin da zai zauna a kai.