Gizo da Waken Goɗiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku daina ture-ture ku saurara.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Gizo ne yake da wata goɗiya mai suna Akawal. Ta haihu, amma nono ya ƙafe, ɗan dukushinta ko tsayuwa ba ya iyawa. Sai Balbela, aminiyar dabbobi, ta kawo buhun wake, babban waken nan mai faɗi. Ta ce, "Gizo, wannan ke gina jiki ya kawo nono. Ka ba ta cikin tafi biyu kullum. Ka jiƙa, ka ɓarza, ka gauraya da dusa. Kar ka wuce haka."

Ranar farko Gizo ya jiƙa, ya ƙura masa ido, ya ce, "Ai wannan ƙosai ne!" Ya soya ya cinye, ya kai wa Akawal ruwan jiƙon.

Ta ce, "Maigida, ina waken?"

Ya ce, "Ƙarfin duk yana cikin ruwan."

Rana ta biyu ya yi alale, ya kai mata ɓawo. Ta uku ya yi ɗanwake har da yaji, marar kunya, ya miƙa mata ƙwaryar wai ta lashe.

Takaici ya ishi Akawal. Ta ce, "Wayyo ni! Kai kana sheƙi, ɗana yana mutuwa a gabanka!"

Da gari ya waye dukushi ko kai ba ya ɗagawa. Hankalin Gizo ya tashi. Ya jawo buhu ya zazzage mata ɗanye. "Maza cinye, na kwana ukun nan har da na gobe."

"Cikina ya kumbura in mutu, wa zai shayar da shi?"

"Ke dai kin cika ƙorafi! Duba ki gani."

Ya dinga ɗura wa kansa ɗanyen wake, ya kora da ruwa tulu guda. Kafin azahar cikinsa ya yi tim, ƙafafu suna reto, yana ihu.

Akawal ko kallonsa ba ta yi ba, ta kira Balbela. Ita kuwa ta dinga ba ta sauran waken, tafi biyu kullum, a jiƙe, da dusa. Kwana bakwai dukushi ya miƙe, tsallensa na farko ta kan cikin Gizo ya yi shi. Cikin nan bai saɓe ba har yau.

To kun ji. Abin da aka ce ku ba mabukaci kullum, ku ba shi kullum, don ba a rama shi rana ɗaya.

Kungurus kan kusu, kowa ya kama gabansa.