Buhun da Malam Abarshi Ya Ƙona

Akwai wani malamin asibiti a Birnin Gwari, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ana ce masa Malam Abarshi. Ba likita ba ne, amma daga cikin gari har ƙauyukan da ke cikin daji kowa Likita yake ce masa. Shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba.

A faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Shekara ashirin da biyu yana fama da masu zazzaɓi da masu saran gatari, kuma in ya yi maka allura sai ka tambaya ko an yi. Mabuɗin kabad ɗin magani a wuyansa yake rataye, ko masallaci da shi yake zuwa.

Su uku ne a ɗan asibitin. Da shi, da wata nas mai suna Martha 'yar Kusasu, wadda shi ya fara koya mata riƙe sirinji, sai Audi, wani dattijo mai wankin gyambo da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Wata rana labari ya zo cewa za a ɗauki mutum ɗaya daga asibitin ya tafi Zariya kwas na mako shida, a kan yadda ake ceton wanda rai ya zo masa wuya kafin a kai shi babban asibiti. Malam Abarshi bai jira takarda ba. Ya ba da farar rigarsa aka goge, ya sanar wa abokansa a majalisa cewa zai ɗan yi tafiya.

Da takardar ta iso, sunan Martha ne a ciki.

Ya karanta sau uku. Sannan ya miƙa mata, ya ce, "Allah Ya sanya alheri," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Martha ta tafi, ta dawo da abu biyu. Na farko littafi ne da ta cika da rubutun hannunta, har ta zauna ta kwafi wani sabo fes ta kawo masa da hannu biyu.

"Baba, ga naka," in ji ta. "Duk abin da aka nuna mana yana ciki. In ka ga kuskure ka gyara mini."

Ya karɓa ya ce ya gode. Tana fita ya ninke littafin biyu ya cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburinsa, wadda dama ta daɗe tana rawa.

Abu na biyu shi ne zaman Alhamis. Ta samo buhu ta cika shi da audugar rimi, ta ɗinka masa hannuwa da ƙafafu, ta zana masa fuska da gawayi. Audi ya raɗa masa suna Malam Shiru, wai shi kaɗai ne majiyyacin da ba ya ƙorafi. Duk Alhamis bayan an sallami marasa lafiya, sai a shimfiɗa Malam Shiru a tabarma a yi ta gwaji a kansa: yadda ake tsai da jini, yadda ake juya wanda ya suma ya kwanta a gefe, yadda ake ɗaukar mai karayar baya a kan ƙyaure. Ba bayani kawai take yi ba. Sai kowa ya yi da hannunsa, ya sake, ya kuma sakewa.

Audi ba ya fashi. Hajjo ungozoma ma ta fara zuwa, har da direbobin motar katako biyu.

Malam Abarshi kuwa baranda yake komawa ya ƙure rediyo. Wai labarai yake ji, amma kunnensa ɗaya yana ɗakin. In ya ji an fashe da dariya a ciki, sai wani abu ya tokare masa ƙirji. Kishi ne, ba wani ciwo ba, ko da yake shi da za ka tambaye shi cewa zai yi tsare mutuncin aiki ne.

Sau biyu Martha tana fitowa ta durƙusa.

"Baba, ka shigo mana. Ba koya maka zan yi ba. Ido za ka sa mana."

"Je ki yi wasan 'yar tsanarki," in ji shi. "Ni mutane nake dubawa, ba buhuna ba."

Mutum ɗaya ne a duniya ke iya gaya masa gaskiya, wato yayansa Mainasara, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kai shi makaranta da hannunsa. Mainasara mai kiwon zuma ne, amyoyinsa na rataye a itatuwan cikin daji, kuma shi kaɗai ne har gobe yake kiran Likita da Auta. Wata Alhamis ya kawo masa zuma a kwalba, ya same shi a baranda fuska a murtuke.

"Auta, ana karatu a ciki kai kana gadin rediyo?"

"Yaya, me yarinyar nan za ta koya mini? Ni fa na koya mata."

"To, ai ka koya mata, ta je ta ƙaro. Ni da nake hawan itace shekara arba'in, bara wani Bafillace ya nuna mini ƙullin igiyar da ban sani ba. Ban ragu da komai ba."

Abarshi ya kawo zancen damina, aka bar maganar.

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ne da wata motar katako ta kife a hanyar daji. Direbobin nan biyu masu zuwa zaman Alhamis suka ɗauko mutumin da ya ji ciwo a kan ƙyaure, ba su bari an naɗe shi a zani kamar yadda aka saba ba. Daga baya aka aiko daga babban asibiti cewa irin ɗaukar da suka yi masa ce ta sa jikinsa bai shanye ba. Tun daga ranar, sai mutum ya shigo ya gaida Likita da ladabi, sannan ya leƙa bayansa ya ce, "Sista tana nan kuwa?"

Wannan tambayar ta fi masa zagi ciwo.

Ranar Litinin ya ɗauki Malam Shiru ya jefa cikin ramin da ake ƙona tsofaffin bandeji, ya ce kuɗin cizo ne suka cika shi. Ranar Talata ya fito da sabon tsari: daga yanzu duk Alhamis Martha za ta hau keke ta tafi ƙauyen Kazage yi wa jama'a lambar agana. Martha ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "To, Baba." Zaman Alhamis ya mutu, rediyo ma ya huta.

Alhamis ta uku bayan haka, da hantsi, sai ga mutane huɗu a guje, sun ɗora wani a kan keke suna tallafe da shi. Abarshi bai gane fuskar ba, don ta kumbura idanu sun rufe, leɓuna sun yi suntum. Hular ya gane.

Mainasara ne. Ya je rataya sabuwar amya, bai san akwai zumar daji a kogon itacen ba, suka yi masa rubdugu.

Abarshi ya yi abin da ya saba yi wa mai harbin zuma. Ya sa aka zaunar da shi a benci, ya ɗauko hantsaki yana cire ƙarin da zumar ta bari a fatarsa, ya ce a kawo ruwa da ƙwaya. Da aka ba shi, ruwan ya dawo ta gefen baki. Numfashin Mainasara ya koma wani siririn fito, kansa ya langaɓe. Abarshi ya laluba wuyan hannunsa, da ƙyar ya ji jijiyar tana motsi.

Mutane sun cika ƙofa, wata tsohuwa har ta fara salati.

Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Audi ne.

"Malam, ba a zaunar da shi. A kwantar, a ɗaga ƙafafu. Kuma allurar nan ta masu fuka da ke kabad ɗinka, ita ake yi. A cinya, yanzu."

"Fuka gare shi? Wa ya gaya maka wannan?"

"Sista."

Ku ji abin kunya, amma gaskiya ce: na ɗan lokaci, yayansa na shaƙewa a gabansa, abin da ya fara zuwa zuciyar Malam Abarshi shi ne, in wannan ya yi aiki sunanta za a kira. Ya ji tunanin da kansa, ya tsorata da kansa. Ya fizge mabuɗin daga wuya har igiyar ta tsinke.

Ya buɗe kabad, ya fasa 'yar kwalbar allurar, ya sa sirinji, sai hannunsa ya tsaya. Shekara ashirin da biyu allurar tana kabad ɗinsa, bai taɓa yi wa mai irin wannan hali ba.

"Nawa ake ja?" ya tambaya a hankali.

Audi bai iya karanta lambobin ba. Ya sa farcen babban yatsansa a kan wani layi a jikin sirinjin.

"Nan. Ta sa na ja ruwa zuwa nan ya fi sau ashirin."

Aka yi allurar. Audi ya ɗaga ƙafafun ya ɗora a kan akwati. Ba a daɗe ba fiton ya sassauta, ƙirjin ya fara ɗagawa sosai, mutanen ƙofa suka ce Alhamdulillahi. Abarshi ya share gumi.

Bai gama sharewa ba fiton ya fara dawowa.

"Audi! Sai me kuma? In ya dawo me ake yi?"

Audi ya sunkuyar da kai.

"Nan muka tsaya, Malam. Makon da za ta nuna mana sauran ne aka ƙona buhun."

Kazage ba kusa ba ce. Ko an tura mai keke, kafin Martha ta iso an gama komai. Abarshi ya juya yana neman abin da zai kama, sai idonsa ya faɗa kan ƙafar teburinsa.

A gaban duk jama'ar da ke ce masa Likita, ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa, ya sa kafaɗa ya ɗaga teburin, kwalabe suna zubowa, ya zaro littafin. Ƙura ta rufe shi, ƙafar teburin ta huda bango. Ya yi ta buɗa shafuka har ya kai inda ta rubuta harbin zuma. Rubutun a fili yake, ta ma ja layi a ƙarƙashi: in numfashi ya sake tsukewa bayan 'yan mintuna, a maimaita, kada a tsaya jira.

Ya maimaita. Sannan ya zauna a ƙasa riƙe da hannun yayansa yana ƙirga numfashinsa, har azahar ta wuce. Can Mainasara ya buɗe ido ɗaya da ƙyar, ya ce da dasasshiyar murya, "Auta, me ya sami rigarka?"

Abarshi ya fashe da kuka kamar ba shi ne Likita ba.

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Likita ya dawo da mutum daga bakin kabari. Washegari bayan sallar Juma'a mutane suka kewaye shi suna sa albarka. Abin da ya yi wata uku yana ƙishirwarsa ke nan, ga shi an kawo masa har gida, amma ya kasa haɗiyewa.

"Ku dakata," in ji shi. "Ni allura kawai na soka. Audi ne ya san wadda za a yi, Martha ce ta koya masa. Ni kuwa abin da na yi shi ne na kore ta zuwa Kazage don kada ta koyar. Saura kaɗan in kashe ɗan'uwana da hannuna."



Alhamis ta zagayo. Martha ta fito da kekenta za ta kama hanya, ta tarar an shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki. Audi na zaune, Hajjo na zaune, direbobin nan ma an kira su. Malam Abarshi ya ce lambar Kazage ta koma Talata, ya ajiye littafin a gabanta, ya shafe ƙurar da hannun riga.

"Martha, ki yafe mini. Ki ɗora daga inda kuka tsaya."

"Ba komai, Baba," ta ce. Sai ta duba tabarmar. "Sai dai ba mu da Malam Shiru. A kan me za mu gwada?"

Malam Abarshi ya cire hularsa ya miƙa wa Audi. Ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya miƙe a kan tabarmar ya rufe ido.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ni na ƙona shi, ni zan kwanta a madadinsa. Audi, fara da ɗaga ƙafafun, amma a hankali, wannan buhun yana da ciwon gwiwa."

Darasi: Duk daɗewarka a aiki, musamman aikin ceton rai, akwai abin da aka gano bayan ka bar aji, kuma mai yiwuwa a bakin wanda kai ka koya wa za ka ji shi. In kishi ya sa ka toshe ilimin wani, ba ka san wanda za a kwantar a gabanka ranar da za a buƙace shi ba. Ku tura wannan labari ga ma'aikatan lafiyar da kuka sani, da duk wanda ke ganin ya wuce a koya masa.