Ranar da Jafaru Ya Haɗiye Maganarsa

Akwai wani dillalin awaki a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, ana ce masa Iliyasu. Allah ya ba shi baki. In ya zauna a majalisa, ba mai tashi sai cikinsa ya ƙulle don dariya. Sai dai dariyar Iliyasu ba ta tashi a banza, kullum a kan wani ake yin ta.

Amma kowa ya shaide shi da abu guda: yana ji da mahaifiyarsa. Inna Batulu ta shekara uku ƙafafunta ba sa ɗaukar ta. Da bazara ta kankama, ɗakin kwano ya koma kamar tanda, Iliyasu ne ke sungumar ta kowace safiya ya kwantar da ita a gindin tsohuwar darbejiyar tsakar gida. Da yamma ya dawo ya mayar da ita ɗaki. Mace ce mai jiki, matarsa Kubra ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai.

Maƙwabcinsa Jafaru tela ne, mutum mai kunya, rediyonsa kullum na gefen keken ɗinki. Ba ya wasa da hasashen yanayi. A bazarar nan sau biyu yana zuwa majalisa ya ce an yi gargaɗin iska mai ƙarfi. Na farko, mutane suka ɗora duwatsu a kan kwanonsu, ko ganye bai motsa ba. Na biyu, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya wuce su ya je ya sauke a Maruta.

Shi ke nan, Iliyasu ya samu abin yi. Ya naɗa Jafaru Sarkin Hadari. Duk inda ya gan shi sai ya durƙusa ya tambaye shi ko yau da laima za a fita ko da kwalekwale. Jafaru ya sha yin bayani cewa hasashe ba alƙawari ba ne, ruwa na Allah ne, masana kuwa alamu suke dubawa. Wa zai saurare shi? Dariya ta fi daɗi.

Wata safiya aka tashi da zafi irin mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Iska ta tsaya cak. Iliyasu ya shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin bishiya, ya ce zai kai awaki Birnin Kudu, sai magariba. Ta ce ya taho mata da mangwaro, bakinta ba daɗi.

Yana bakin titi ana loda awakin, sai ga Jafaru da sauri, rediyo a hannu. Kafin ya buɗe baki Iliyasu ya ɗaga murya.

"Jama'a ku ba da hanya, ga Sarkin Hadari da sabon umarni."

Wuri ya kaure da dariya. Jafaru ya tsaya, ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, ya juya.

Bayan la'asar, Iliyasu na kasuwa da ledar mangwaro a hannu, gabas ta yi ja, sannan ta yi duhu. Nan take ya tuna wadda ya bari a gindin bishiya. Ya kira Kubra, waya ta ƙi shiga. Ya nemi ɗan acaɓa, kowa ya fake, kwano na yawo a sama kamar takarda.

A gida kuwa, Kubra ta kama tabarmar tana ja, ta kasa. Ta fita da gudu neman taimako. Jafaru ne ya fara amsawa. Suna shiga zaure suka ji ƙarar karyewar reshe.

Jafaru da maƙwabta suka ɗaga reshen daga kan Inna. Shi ya riƙe kanta a cinyarsa a cikin mota har asibitin Birnin Kudu. A can Iliyasu ya same su, jikinsa sharkaf, ledar na hannunsa bai ma san yana riƙe da ita ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Inna Batulu ta cika ana kiran magariba.

Ran sadakar uku, bayan an watse, Jafaru ya matso kusa da shi yana hawaye. Ya ce tun asuba aka sanar cewa za a yi guguwa da yamma, a guji gindin bishiyoyi. Yana jin haka Inna ce ta faɗo masa a rai, shi ya sa ya biyo shi bakin titi. Da aka yi dariyar nan sai ya ce a ransa, in kuma ba a yi ba fa?

"Ka yafe mini, Iliyasu. Na zo da magana na koma da ita."

Iliyasu ya dube shi, ya ce:

"Ba kai ka yi shiru ba, Jafaru. Ni na rufe maka baki."

Mutane sun yi ta ba shi haƙuri cewa kwana ne ya ƙare, ya kuma yarda da haka. Amma wallahi abin da ciwo. Har yau in bazara ta zo aka kasa mangwaro a bakin hanya, Iliyasu kau da kai yake yi ya wuce.

Darasi: Kada ka mayar da mai yi maka gargaɗi abin dariya, domin ranar da ka fi buƙatar maganarsa kunya za ta iya hana shi faɗa. Kai kuma da ka san wani abu da zai ceci rai, faɗe shi ko za a yi maka dariya. Damina na ƙaratowa, ku saurari hasashen yanayi, ku tura wannan labari ga 'yan uwa da maƙwabta.