Makullin Teburin Jatau

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Wannan labari ba na a ji a tashi ba ne, shari'a zan bar muku a ƙarshensa.

A bakin tashar wani gari an yi wani mai faci ana ce masa Sallau. Shekara bakwai yana ba tayoyin mutane iska da famfon hannu, har damtsensa ya yi kamar na maƙeri. Burinsa ɗaya a duniya, ya sayi injin iska, irin wanda ake tayarwa ya yi ta ƙugi shi kaɗai. Ya hana cikinsa tsire, ya hana jikinsa sabuwar riga, har kuɗin suka cika wata ranar Talata. Litinin mai zuwa zai shiga birni ya ɗauko inji.

Sai dai Sallau yana da ciwo guda, wato sunuka. Wasan nan ne da ake tura ƙwallaye da sanda a kan tebur mai koren ƙyalle, kowa ya zura nasa a rami, wanda ya rufe da baƙar ƙwallo shi ya ci. Hannunsa ba laifi, amma bakinsa ya fi hannun sauri.

Teburin tashar na wani Jatau ne, a cikin rumfar kwano. Da shi yake ci, da shi yake sha, duk wanda ya buga sai ya biya. Shekara biyu ke nan ba a ga wanda ya ci Jatau a kansa ba. Da yammacin Talatar nan, a gaban mai shayi, Jatau ya dubi Sallau ya ce, "Na ji an ce za a huta da famfo. Allah ya sanya alheri. Amma hannun da ya saba da famfo, sanda ta fi ƙarfinsa."

Aka kwashe da dariya. Ran Sallau ya ɓaci, ya dire kofinsa ya ce, "Jatau, kuɗin injina da teburinka. Asabar bayan azahar, in ka isa."

Jatau ya ce, "Na isa har na yi yawa."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin shayin ya huce an kira Baba Nomau, tsohon direban da duk tasha ba a ƙetare maganarsa, an damƙa masa kuɗin da makullin kwaɗon da ake rufe murfin teburin da shi. Ya gindaya sharaɗi: wanda ya riga cin wasa biyar ya kwashe, wanda ya fasa kuma ya faɗi. Kowa da sandarsa, ba aro. Ɓangaren da mutuminsa ya kai wa wani duka ya faɗi, ko da shi ke gaba. Ni dai ban ce caca abin kirki ba ce, kada wani ya je ya ce na ce. Abin da ya faru nake faɗa muku.

Labari ya riga Sallau isa gida. Matarsa Ladidi ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye masa tuwo ta ce, "Baban Ummi, wahalar shekara bakwai ka ɗora a kan tebur?" Tuwon nan bai ciyu ba. Tsoro ya kama shi sosai, ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, in ya fita daga wannan lafiya, shi da caca har abada.

To, Sallau yana da aminai uku.

Na farko Tanimu magini. Ya daɗe yana lura cewa ƙwallon baƙo, in ya tafi a hankali, yakan kauce a bakin rami, na Jatau kuwa ya shige. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Laraba da safe ya sayi shayi, ya shiga rumfar kamar mai neman inuwa, ya ɗora kofin a gefen tebur ya zuba masa ido. Shayin ya karkata wajen gabas, ɗan kaɗan, bai fi kaurin tsinke ba. Ashe damina ce ta zaizaye ƙasan rumfar ta ɓangaren nan, Jatau ya sani ya yi gum. Tanimu ma sai ya yi gum. Ya ce wa Sallau, "In muka tona aka gyara, zai shigo da shiri. In muka bar shi, zai shigo da sakaci." Ya ajiye ginin da yake yi, har mai gida ya ba wani aikin. Ya ja Sallau wata unguwa mai nisa inda ake da wani tebur, ya cusa fasasshen tayil ƙarƙashin ƙafafun teburin biyu har shayi ya karkata daidai da na Jatau. Kwana uku yana tsaye a kansa yana cewa ya sake, har hannun Sallau ya haddace gangaren nan.

Na biyu Ilu mai gyaran takalma. Ranar Asabar tasha ta tsaya cak. 'Yan acaɓa sun jingine babura, masu lodi sun hau saman motoci suna leƙe, fasinja suna ta masifa ba mai jin su. Sallau ya ci wasan farko, ya ci na biyu, Jatau ya fara share gumi da hannun riga. Amma gwani gwani ne, ya farfaɗo ya ci uku a jere. Ana cikin na shida, Sallau ya kai bugu, sai 'yar fatar da ke bakin sandarsa ta ɓalle ta yi tsalle cikin ƙafafun mutane. Abu ne kamar ƙwayar gyaɗa, amma in babu shi sanda zamewa take yi, ba ta tura ƙwallo inda aka nufa. Mutanen Jatau suka ɗau sowa. Baba Nomau ya dubi agogonsa ya ce, "Ba aro, haka muka yi. Na ba ka minti goma."

Ilu kallo ya zo, bai zo da akwatin aikinsa ba, wuƙa da 'yar robar gam kawai ke aljihunsa. Ya shafa bel ɗin wandon mutum huɗu yana neman fata, duk roba ce. A ƙafarsa kuwa akwai takalmin fata da ya yi mako biyu yana ɗinka wa kansa, don ɗaurin auren 'yarsa da za a yi washegari, yau ya sa shi ne don ya saki. Bai tsaya shawara ba. Ya tuɓe na dama, ya yanko fata daga dunduniya inda ta fi kauri, ya manna, ya goga a siminti har ta yi kan da ake so, ya hura, ya shafa alli. Ya miƙa sandar ya ce, "Buga mu gani." Saura minti ɗaya. Sallau ya ci wasan nan, sandar ma ta fi dā kama ƙwallo.

Na uku Barau ɗan kamasho. Wannan kam duk tasha an san shi, in an ce faɗa an ce Barau. Ya taɓa karya benci a kan canjin da bai kai kuɗin goro ba. Wasa ya kai huɗu da huɗu, aka shiga na ƙarshe. Sallau ya zura nasa duka, saura baƙa, Jatau kuwa yana da biyu a kan tebur. Wani ƙanen Jatau ya ga tebur zai bar gidansu, sai ya tuna sharaɗin duka. Ya ratsa mutane ya je gaban Barau, ya kaɓe masa hula kamar kuskure, ya sa ƙafa ya murje ta a ƙasa, sannan ya zagi mahaifinsa da ya rasu bara. Bai dake shi ba, kun gani, sharaɗi bai kama shi ba.

Kowa ya juyo yana kallon Barau. Sallau ya sauke sandarsa, don ya san abin da zai biyo baya. Hannun Barau ya tashi har kafaɗa. Sai ya sauke shi, ya cusa hannu biyu cikin aljihu ya danna, har aka ji ɗinkin ya ɓarke. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Sallau, yi bugunka. Hula ai wankuwa take yi."

Yanzu saura baƙa. Tana can nesa, kusa da ramin gabas, a wurin da in an buga da ƙarfi farar ƙwallo za ta bi ta cikin rami, a faɗi wasan. Sallau ya sunkuya, ya auna gefen ramin da faɗin yatsa biyu, ya tura a hankali. Mutane suka ce shi ke nan, ya ɓarar. Mutanen Jatau har sun fara tafi. Jatau ne kaɗai bai yi dariya ba, don shi ya san teburinsa. Baƙa ta tafi kamar ba ta so, ta fara lanƙwasa, ta zo bakin rami ta ɗan tsaya, sannan ta faɗa.

Wanda bai ga tashar nan a lokacin ba, bai ga murna ba. Direbobi suka danna oda gaba ɗaya. Aka ɗaga Sallau sama har kansa ya bugi kwano. Mai shayi ya manta da butarsa a wuta ta ƙone. Ilu yana rawa da takalmi ɗaya, Tanimu yana ta dariya ba ya iya magana, Barau ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ya kafa ta a karkace, ƙanen Jatau kuwa an neme shi an rasa. Jatau, a ba shi haƙƙinsa, ya miƙo hannu ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Sallau ya ce, "Shayi."

Litinin inji ya iso, ya yi ƙugi a bakin tasha, Sallau ya zauna yana kallonsa farin ciki ya hana shi cin abinci. Ladidi ta yi guɗa a tsakar gida, sannan ta ce, "Inji dai mun karɓa. Tebur ya tsaya can inda yake." Shi ma bai manta da alkawarinsa ba. Ya tara aminansa a gaban Baba Nomau ya ce, "Baba, na bar musu teburin, su haɗa su uku."

Baba Nomau ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, da idona na ga mota ɗaya ta raba 'yan uwa uku ciki ɗaya. Makulli ɗaya aka ba ni, hannu ɗaya zan ba. Ka zaɓa."

Sallau ya dubi wannan, ya dubi wancan, bakin nan nasa mai sauri ya mutu. Su ukun kuwa kunya ta hana kowa ya ce ni ne. Sai tasha ta ɗauki musun. Wasu suka ce Tanimu ne, don ba don shi ba da Sallau bai ci ko wasa biyu ba, kuma bugun ƙarshen ma nasa ne, ga aikinsa da ya rasa. Wasu suka ce sanin gangare banza ne ga mai gundulmin sanda, Ilu ne ya tsayar da wasan a ƙafarsa, har ya ɗaura wa 'yarsa aure da tsohon silifa. Wasu kuma suka ce ido da hannu sana'ar mutum ce, kowannensu abin da ya saba ya yi, Barau ne kaɗai ya yi abin da bai iya ba, ya haɗiye zagin ubansa a gaban jama'a, da ya ɗaga hannu sau ɗaya da wahalar sauran ta bi ruwa.

Makulli na nan a aljihun Baba Nomau, tebur na rufe, Sallau ya kasa yanke hukunci. To, ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, tsakanin Tanimu da Ilu da Barau, a tafin wa za a sa makullin nan?