Muryar Ladanin Yekuwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Magariya. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Yana da 'yar butik, wato ɗan shago, kusa da tasha, da babbar salula, da hannu mai sauri a kanta. Sana'arsa saya wa mutane kaya ta intanet. Mai son atamfa daga Kano, mai son batirin sola, mai neman maganin da babu a kasuwarmu, duk wurinsa suke zuwa. Ya saya, ya biya, mota ta kawo, ya ɗauki ladansa. Halal ce tsantsa, da ya tsaya a nan.

Mutanen ƙauye da ba su da babbar waya, a cikin tasa yake buɗe masu asusun kuɗi. Yawancinsu ba su rubutu, ga hanya da nisa. Sai mutum ya ari salular maƙwabci, ya zaga bayan rumbu, ya aiko saƙon murya, ya goge. Kun san mutuminmu ba ya faɗin buƙata ba tare da dalili ba. Zai faɗi abin da yake so, ya faɗi abin da ke damunsa, daga ƙarshe ya faɗi lambar sirrin asusunsa don a biya.

Bayan la'asar mutumin nan yakan tafi fada, wato majalisar hira, shan shayi da abokansa. Wata rana hira ta yi sanyi, sai ya kunna masu saƙon wata mata mai neman man shafawa. Aka yi dariya. Ya ji daɗin dariyar. Daga ranar ya zama mai nishaɗin fada, salularsa na yawo hannu zuwa hannu kamar kofin shayi. Ko dala bai taɓa ci ta kowa ba, shi ya sa yake ganin kansa amintacce. To, amana kuɗi ce kawai?

A Yekuwa akwai wani dattijo, Malam Dalhatu, ladanin masallacin unguwarsu. Tsufa ya kawo masa lalura, fitsari ba ya riƙuwa. Ya ji an ce ana sayar da ƙunzugun manya, wanda zai sa ya tsaya cikin sahu ba fargaba. Ya aiko saƙo da murya ƙasa-ƙasa, ya ce: "Ɗana, don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ban da matata Ɗela ba wanda ya sani."

Yammacin ranar aka ji shi a fada. Wani ya ce a tura masa, aka tura. Kafin kayan su iso Yekuwa, muryar ta riga su. Ba wanda ya tambayi ko wane ne, muryar da ke tashe su da asuba ce. Ranar kasuwa samari suka riƙa kwaikwayonta. Malam Dalhatu ya bar kiran salla, daga baya ya bar fita ƙofar gida.

Labari ya zo wa mai butik, ya ce ai wasa ne.

Cikin 'yan fadar akwai wani Rabilu, wanda ba ya yawan dariya. Shi idan salula ta zo hannunsa, sai ya kara ta a kunne ya saurara har ƙarshe, inda ake faɗin lamba. Ya yi haƙuri har kaka ta yi, mutane suka sayar da wake da gyaɗa, suka zuba kuɗinsu a asusu. Rannan ya ce, "Ba ni in sake jin na tsohon nan." Ya koma gefe da wayar, ana can ana zuba shayi. Washegari ya tsallaka iyaka, ba a sake ganinsa ba.

Aka wayi gari asusu duk fayau. Mutanen Yekuwa da na Guci suka cika ƙofar butik, wasu a amalanke suka zo. Jandarmomi suka duba: da salular mai butik aka fitar da kuɗin, da lambobi na daidai. Ya ce Rabilu ne. Aka ce, ina Rabilu ya samu lambobin? Ya waiga neman 'yan fada su shaida. Ko ɗaya bai zo ba. Wa zai tsaya ya ce da shi aka saurari sirrin matan mutane?

Da bakinsa ya faɗi yadda yake kunna saƙonninsu a fada, a gaban masu kuɗin. Nan kowa ya gane ba kuɗinsa kaɗai ya tafi ba. Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, ba ta ƙara bin maganar kuɗinta ba.

Butik ta tafi, babur ya tafi, gonar gado ta bi su, bai gama biya ba. Ya yi zaman kaso. Da ya fito, ko sayen kati ba mai aikensa. Ya shiga motar kasuwa zuwa Yekuwa, ya tsaya a ƙofar Malam Dalhatu ya yi sallama, ya durƙusa yana neman gafara. Dattijon bai fito ba. Daga bayan zana ya amsa, ya ce: "Kuɗin na yafe maka tun tuni. Muryata fa? Je ka karɓo ta daga wayoyin mutane, sannan ka dawo."

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya tafi.

Ya 'yan uwa, kuɗi ana biya, ko da gona. Sirrin da ya fita ba mai kuɗin fansarsa. Kai mai butik, kai mai tura kuɗi, kai mai gyaran waya, abin da ka gani ko ka ji na mai sayayya amana ce a wuyanka, za a tambaye ka. Kai kuma mai saye, lambar sirrinka kada ta fita bakinka, ko ga wanda ka yarda da shi. Mai cewa "turo mini in ji", shi ma yana da kasonsa a zunubin.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.