Miyar da Kura Ta Ce Guba Ce

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe suke.

To, ku gyara zama. A zamanin da ba a san daddawa ba, miya duk lami ce. Ruwa, kuka, gishiri, shi ke nan. Zaki sarkin dawa ya gaji da ita. In ya yi loma ɗaya bai ji daɗi ba, sai ya ture akushi ya cinye mai girkin. Ya cinye Gada. Ya cinye Zabuwa. Sai aka ce, to Bushiya, girki ya zo kanki, an ba ki kwana uku ki shirya.

Bushiya ta tafi kasuwa tana sharar hawaye. Ta zaga, ta zaga, ba wani sabon abu sai kalwa, ƙwayar ɗorawa, da wata tsohuwa ta gaji da tallarta ta juye mata kyauta. Ta dafa wuni guda, ta surfe, ta ɗanɗana, ba daɗi. Ta rufe da ganye, ta tura bayan randa, ta manta da ita.

Ranar girki wani wari ya cika ɗakin. Wari fa, jama'a, har ƙuda ya shigo ya ba da haƙuri ya koma. Ta buɗe ganye, ga kalwa ta yi baƙi ta yi yauƙi. Ta ce, "Ko na sa ko ban sa ba, cinye ni za a yi. Gara ya ci ni da wari a hancinsa." Ta daka, ta jefa a tukunya.

To, a al'adar fada, sarki ba ya cin abinci sai an ɗanɗana a gabansa. Mai wannan aiki kuwa Kura ce. Aka ajiye akushi. Kura ta toshe hanci, ta lakaci miya, ta kai baki. Idonta ya fito. Kunnenta ya miƙe. Jelarta ta kama rawa ita kaɗai.

Zaki ya ce, "Yaya?"

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, guba ce! Kada ka taɓa. Bari in cinye in mutu a madadinka."

Ta cinye tas, ta suɗe akushi, ta kwanta tana nishi.

Zaki ya ce a kawo masa Bushiya ya cinye. Mai mutuwa ta zabura ta zauna.

"A'a, ranka ya daɗe, a yi mata afuwa. Ta sake girki gobe, ko za ta tuba. Irin wannan ɗin dai za ta yi, mu ga iyakar muguntarta."

Washegari haka. Kura ta lakata ta ce, "Wayyo, ta jiya wasa ce! A ƙaro tuwo, gubar nan ba ta wucewa sai da tuwo." Ta cinye, ta suɗe, ta roƙa wa Bushiya afuwa. Zaki yana hamma yana sa wa Kura albarka.

Bushiya ta ɗauki akushi za ta wanke, ta ga ba abin wankewa. Ta ce, "Ikon Allah! Guba ce ake suɗe wa haka?" Ta kankaro gindin tukunya ta lasa. Sai ta zauna daɓas, ta yi dariya har ƙayoyinta suna kaɗawa.

Rana ta uku ta zuba har da man shanu. Kura ta lakata, ta buɗe baki za ta yi magana, Zaki ya ce, "Yau ba afuwa. Yunwa nake ji, mai girkin zan ci."

Bushiya ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na amsa laifina. Amma jikina duk ƙaya ne, kada in soke maka maƙogwaro. A ba ni gubar in shanye da kaina, kowa ya huta."

Zaki ya ce, "Kin yi hankali. Ba ta."

Bushiya ta miƙa hannu. Kura ta rungume akushi a ƙirji ta kurma ihu.

"Wallahi ba ki isa ba! Tun asuba ban ci komai ba ina jiranta! Yau da aka sa man shanu?"



Zaki ya ce, "Kura, guba kike jira tun asuba?"

Ya fizge akushi. Ya yi loma ɗaya, ya gyara zama. Ya yi ta biyu, ya lumshe ido. Ya yi ta uku, sai hawaye.

Ya ce, "Akushi biyu kika cinye mini ina kallo, ina yi miki addu'a!"

Nan take ya ce girkin fada na Bushiya ne har ta tsufa, ba mai taɓa ta. Kura kuwa ya naɗa ta mai gadin kalwa in an rufe, ta shaƙa iya shaƙarta, amma kada harshenta ya sake taɓa miya. Shi ya sa har yau duk inda ta gifta sai kun toshe hanci.

Ku dai, in aka ba ku amanar ɗanɗano, ku faɗi gaskiyar abin da bakinku ya ji, ku bar wa mai abinci abincinsa.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare. Ba don miyata tana kan wuta ba, da na ƙara muku ƙarya.